Tarihin Na'urar Tsaron Wuta a Tanderun Masana'antu

Na'urar tsaron wuta ita ce wadda aka ɗora wa alhakin tabbatar da cewa wuta tana ci a bakin murhun gas na tanderu ko tukunyar tururi, domin idan ta mutu alhali gas yana ta kwarara, da zarar yawansa a cikin iska ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, tartsatsi guda ya isa ya tarwatsa tanderun har da wanda ke tsaye gabansa. A farkon al'amari idon ma'aikaci ne kaɗai mai gadi, yana leƙe ta 'yar kafa, hannunsa kan bawul. Ido kuwa yakan gaji, mutum yakan gafala.

Asalin maganin yana komawa ga Bajamushe Thomas Seebeck, wanda ya gano a 1821 cewa ƙarfe biyu mabambanta, idan aka haɗa bakinsu aka zafafa, suna haifar da ɗan lantarki. A shekarun 1930 aka yi amfani da wannan hikima a Amurka, aka sa bakin cikin ƙaramar wutar kunnawa, lantarkinsa ya ƙarfafa maganaɗisun da ke riƙe bawul a buɗe, ta yadda in ya huce sai bawul ya rufe da kansa. Aibinsa jinkiri, gama hucewar ƙarfe takan ci minti guda ko fiye, abin da babban tanderu ba zai jure ba.

A shekarun 1940 aka koma ga harshen wutar kansa, wanda lantarki ke iya ratsawa, aka soka masa sandar ƙarfe. Sai dai baƙin hayaƙi da ya taru a jikin sandar shi ma yana wuce da lantarki, ya zama mai shaidar zur, yana cewa akwai wuta alhali babu. Warwarar wannan mas'ala ita ce, a ganina, mafi kyawun abin da ke cikin tarihin nan: tun da jikin murhu ya fi sandar faɗi nesa ba kusa ba, lantarki mai kai da komowa yakan rinjaya zuwa fuska guda idan ya bi ta wuta, amma ta baƙin hayaƙi yana wucewa daidai ta fuska biyu, saboda haka aka hana na'urar karɓar kowace shaida sai ta farkon.

Daga baya kamfanoni irin su Fireye da Honeywell suka ƙera idanun lantarki masu ganin hasken da idon ɗan Adam ba ya riska, aka koya musu bambance rawar harshen wuta da jan tubalin da ya gasu, aka kuma sa wa wasunsu marfi mai rufe su lokaci lokaci domin jarraba gaskiyarsu. Tun shekarun 1980 ƙaramar kwamfuta ke jan ragamar aikin: ta fara kore tsohon gas da iska, ta kunna ƙaramar wuta, ta tabbatar da ita, sannan ta buɗe babban bawul. Ƙa'idojin ƙungiyar NFPA ta Amurka sun wajabta rufe gas cikin daƙiƙa 4 bayan mutuwar wuta, kuma na'urar ba ta sake kunnawa sai ma'aikaci ya zo ya danna maɓallin sakinta da hannunsa.