Sai Da Aka Ci Su Da Yaƙi Suka Zama Masoya: Tarihin Da Ke Bayan Littattafan Soyayyar Baikin, Wels Da Sikotlan

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba da kuma masu son karantawa a tsanake.

Abin da ya jawo maganar yau, kwanaki na ɗauki wayar ƙanwata zan kira wani, sai na ga hoton bangon littafi a fuskar wayar. Wani ƙato ne ba riga, gashi har kafaɗa, takobi a hannu, ya ɗaura wani abu kamar zani iya gwiwa. Na ce mata, "Ke, wannan kuma wane ne ya ɗaura zani?" Ta yi dariya ta ce, "Haba Yaya, jarumin littafin ne fa, ɗan Sikotlan." Sai ta shiga ba ni labarin wani da ta gama kafin shi, wai mutanen jarumin ne suka kai hari garin yarinyar, suka kamo ta aka ba shi ita baiwa, daga baya soyayya ta shiga tsakaninsu. Na ce, "An ƙona garinsu, kuma ta so shi?" Ta ce, "Ai daga baya ya yi nadama."

Wannan amsar ce ta sa na koma littattafan tarihi. Domin in kun lura, marubutan irin waɗannan littattafai, waɗanda akasarinsu matan Amurka ne, suna yawan ɗauko jarumansu daga wurare uku: mayaƙan teku na Baikin, sarakunan Wels, da mutanen tsaunukan Sikotlan. To me ya sa su? Ku biyo ni.

Da farko, wannan salon bai daɗe sosai ba. A 1972 ne wata marubuciya Kathleen Woodiwiss ta fitar da The Flame and the Flower, ya yi kasuwa ta ban mamaki, daga nan kamfanonin ɗab'i suka buɗe ƙofa ga dogayen littattafan soyayya da aka gina a kan zamanin da. A 1980 Johanna Lindsey ta fitar da Fires of Winter, labarin Brenna, 'yar babban gida da 'yan Baikin suka kamo aka ba wani Garrick ita a matsayin baiwa. Shi ne irin wanda ƙanwata ta karanta, kuma ɗaruruwa sun bi sahunsa.

To su wane ne Baikin ɗin? Mutanen ƙasashen da yau ake kira Nowe, Denmak da Suwidin ne. A shekarar 793 suka dira da jiragen ruwansu a tsibirin Lindisfarne da ke gabar Ingila, suka wawashe gidan ibadar Kiristoci masu zuhudu, suka kashe na kashewa suka tafi da na tafiya. A 841 suka kafa sansani a Dublin ta ƙasar Ayalan, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bayi a yammacin Turai. Har Andalus ta Musulmi sun kai wa hari, sun shiga Ishbiliya a 844.

A yi musu adalci, akasarinsu manoma ne da fatake. Matar gida a wurinsu ita ke riƙe da makullan rumbu, kuma tana iya rabuwa da miji a gaban shaidu. Sunan ranar Asabar a yarensu ma'anarsa ranar wanka, kuma masu tonon kayan tarihi sun sha samun mataji a kaburburansu. Wani marubucin Ingila na ƙarni na 13 ma ya yi ƙorafin cewa taje kai da wankan Asabar da sauya tufafi da 'yan Denmak ke yi ya sa suna ɗauke hankalin matan Ingila. Kun ga ke nan batun kyan nasu yana da ɗan tushe. Kwalkwali mai ƙaho kuwa da kuke gani a hotuna ƙirƙira ce ta ƙarni na 19, kayan wasan kwaikwayon Wagner na 1876 ne suka ƙara yaɗa shi.

Amma ga inda gizo ke saƙar. An tono dubban dirhamin azurfa na ƙasashen Musulmi a Suwidin. A wani wuri guda a tsibirin Gotland, a 1999, an samu tsabar kuɗi sama da 14,000. Me suke sayarwa ake ba su wannan azurfar? Fatu, takubba, da mutane. Ahmad bin Fadlan, wakilin halifan Bagadaza, ya haɗu da mutanen Rus a bakin kogin Bolga a 922, waɗanda yawancin masana ke ganin asalinsu daga Baikin ne. Ya kwatanta tsawonsu da itatuwan dabino. Sannan ya ba da labarin jana'izar wani babba a cikinsu, inda aka kashe kuyangarsa aka ƙona su tare a cikin jirgin ruwa. Shi da idonsa ya gani.

Jini ma ya ba da shaida. Binciken ƙwayoyin gado da aka yi a kan mutanen Aisilan, tsibirin da 'yan Baikin suka fara zama wajajen 870, ya nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na kakanninsu maza daga yankin Baikin suke, amma wajen kashi 60 na kakanni mata daga Ayalan da Sikotlan suke. Wasu aure ya kai su, babu shakka. Da yawa kuwa igiya ce ta kai su.

Su kansu mutanen Aisilan sun adana labarin irin wannan matar. A hikayar Laxdæla da aka rubuta a ƙarni na 13 akwai Melkorka. Wani attajiri Höskuldur ya saye ta da kuɗin bayi uku, aka ce masa bebiya ce. Ya mayar da ita ƙwarƙwara, ta haifa masa ɗa, duk ba ta taɓa furta kalma ba. Wata safiya ya tsinkaye ta a bakin rafi tana hira da ɗanta. A nan ne ta faɗa masa ita 'yar sarki ce a Ayalan, an kamo ta tana shekara 15. Shekaru ta yi ta hana shi jin muryarta, saboda ita kaɗai ce abin da ya rage a hannunta. Uwargida kuma ba ta bar ta ta sha ruwa ba, wata rana ta make ta da safa, ita kuma Melkorka ta kai mata naushi a hanci har jini ya zuba, dole maigida ya raba musu gida. Hikaya ce, amma waɗanda suka rubuta ta sun san rayuwar, kuma ba su ce ta faɗa son sa ba.

Mu tsallaka Wels, wata ƙaramar ƙasa mai duwatsu a yammacin Ingila da ke da yarenta daban. A nan littafin da ya fi fice shi ne Here Be Dragons na Sharon Kay Penman, 1985, kuma shi kam a kan mutanen gaske aka gina shi. Wajajen 1205 Sarki John na Ingila ya aurar da 'yarsa Joan, wadda aka haifa ba ta hanyar aure ba, ga Llywelyn, sarkin Gwynedd a arewacin Wels. Auren siyasa ne tsantsa. A 1211 uban ya kawo wa mijin yaƙi ya fi ƙarfinsa, Joan ce aka tura ta je ta roƙi mahaifinta a yi sulhu. Ku yi tunanin wannan matsayi, uba a nan, miji a can.

Sai kuma 1230. Aka kama Joan da wani basaraken Ingila, William de Braose, a ɗakin Llywelyn. Ranar 2 ga Mayu aka rataye William a bainar jama'a, ita kuma aka tsare ta. Bayan shekara guda Llywelyn ya dawo da ita ɗakinta da matsayinta. Da ta rasu a 1237 ya gina gidan ibada a Llanfaes inda aka binne ta, don tunawa da ita. Wallahi in marubuci ne ya ƙirƙiro wannan, cewa za a yi ya zuzuta.

Wani abin da ke jan marubuta zuwa Wels shi ne tsohuwar dokarsu da ake jingina wa Sarki Hywel Dda na ƙarni na 10. A dokar, in aure ya kai shekara bakwai aka rabu, raba dukiya ake yi biyu, har an fayyace cewa aladu na miji, tumaki na mata. Kuma mace tana iya barin miji da haƙƙinta a hannu in ya kuturce, in yana warin baki, ko in ya kasa sauke haƙƙin aure. Eh, warin baki, haka yake a rubuce.

To amma ƙarshen gidan fa? A Disamba 1282 sojojin Sarki Edward na Ɗaya suka kashe jikan Llywelyn, wanda shi ma sunansa Llywelyn, mulkin kai na Wels ya ƙare. Ya bar jaririya guda, Gwenllian, wadda uwarta ta rasu wajen haihuwarta. Aka ɗauke ta aka kai gidan mata masu zuhudu a Sempringham ta Ingila don kada ta yi aure ta haifi magaji. Shekara 54 ta yi a ciki har ta rasu a 1337. Ita ce gimbiyar Wels ta gaske, kuma babu jarumin da ya zo a kan doki ya fitar da ita.

Yanzu ga mai zanin ƙanwata. Sunan tufar kilt, kuma babu wanda ya tallata ta a zamaninmu kamar Outlander na Diana Gabaldon, 1991, wanda aka mayar fim mai dogon zango a 2014. Claire, ma'aikaciyar jinya ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ta tsinci kanta a shekarar 1743 ta auri Jamie Fraser. Gabaldon ta faɗa da bakinta cewa lokacin da ta fara rubutun ba ta taɓa taka Sikotlan ba, wani saurayi mai kilt ta gani a tsohon shirin talabijin na Doctor Who.

Tarihin da ke ƙarƙashin labarin kuwa ɗaci ne da shi. A 1745 Charles Edward Stuart ya zo neman gadon sarautar kakansa, wasu zuriyoyin tsaunuka suka mara masa baya. Ranar 16 ga Afrilu 1746 aka gwabza a filin Culloden. Ko awa guda ba a yi ba aka gama da su, wajen mutum 1,500 suka mutu ko suka jikkata, kuma a rundunar gwamnati ma akwai 'yan Sikotlan da yawa. A shekarar aka yi dokar hana mazan tsaunuka sa tufarsu ta gargajiya, ba a soke ta ba sai 1782. Daga nan aka shiga korar talakawa daga gonakinsu don a zuba tumaki, saboda ulu ya fi kawo kuɗi. A yankin Sutherland an tashi dubban mutane, an ƙona gidaje, da yawa suka ƙare a Kanada, Amurka da Ostireliya. Kuma a wurare da dama shugabannin zuriyar ne da kansu suka yi korar, wato dai shi wannan basaraken da littafi ke nuna mana yana ba da ransa saboda mutanensa.

Bayan an gama karya su sai aka fara yi musu kwalliya. Walter Scott ya fitar da Waverley a 1814, Turai ta kamu da son tsaunuka. A 1822 Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinburgh sanye da kilt, tufar da gidansu ya haramta shekara 76 kafin nan. A 1852 gidan Sarauniya Victoria ya sayi Balmoral a can cikin tsaunukan.

Kun ga zaren da ya ɗinke su? Lokacin da ɗan Baikin ke iya dirowa gabar garinku da asuba, addu'ar neman tsari ake yi da shi. Lokacin da mutanen tsaunuka ke iya gangarowa da takubba, 'yan birni dabbobi suke ɗaukarsu. Sai da kowannensu ya daina ba da tsoro aka ɗauko shi, aka wanke, aka taje masa gashi, aka ɗora a bangon littafi. Zakin da ke cikin keji kowa na iya yaba gashin wuyansa.

Ni ban ce kowa ya daina karantawa ba. Na karanta biyu daga cikinsu, kuma gaskiya suna riƙe mutum. Ta dalilinsu ma mutane da yawa suka fara sanin Culloden da Gwynedd. Damuwata ɗaya ce, darasin da ake maimaita wa yarinya 'yar shekara 17, cewa namijin da ya fara da tilas da wulaƙanci zai rikiɗe ya zama masoyi in ta yi haƙuri zuwa babi na talatin. Kuma mu ma mun san wannan jarumin a littattafanmu na waya, mai kuɗi, mai ɗaure fuska, wanda aka ɗaura musu aure ba ta so. Kilt kawai ya cire ya sa shadda.

Muna da misali a gida na yadda ake kallon abin ta ɗaya gefen. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, bauta raba ɗa da uwa ta yi, uwar ta bi sahunsa har ƙetaren hamada. Wanda aka kama shi ya san nauyin igiya.

Na mayar wa ƙanwata wayarta tare da labarin Melkorka. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "To Yaya, me ya sa ba a rubuta littafin daga bakinta ba?" Na ce mata ai ga biro ga takarda. Ku ma marubutanmu da ke bibiyar wannan shafin, tambayar taku ce.

Nan za mu dakata a yau. Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya. Wassalamu alaikum.