KUNUN ZAKI DA BURKUTU: TSIRO ƊAYA NE, LOKACI DA MAZUBI SUKA RABA SU

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 albashi ya daina kai ƙarshen wata, gidaje da yawa a Haɗeja suka koma sana'ar kayan sha. Zoɓo, kunun aya, kunun zaki, lemon citta, ruwan tsamiya, duk a gorar roba. Matan ma'aikata na yi, 'yan matan da suka gama makaranta na yi, har samari sun shiga. Da yawansu a WhatsApp da TikTok suka koya. Wannan abin alheri ne, ya fi zaman jiran a ba ka.

Amma akwai koken da nake yawan gani daga sababbin shiga: "Gorata ta kumbura." "Na buɗe murfi ya yi fus, kumfa ta taso." "Kunun jiya ya canza wari." Amsar da ake ba su ba ta wuce a sa a firij ko a ƙara ƙanƙara. Ba mai gaya musu abin da ya faru a cikin gorar. To abin yana da suna, kuma yana da dogon tarihi a ƙasar nan. Ku ba ni aron lokaci kaɗan.

Mu fara da tambaya: me ya sa ake ce masa kunun ZAKI, alhali ya girmi sukarin kanti? Kakanninmu ba su da sukari. Mai hali ya sa zuma ko mazarƙwaila, sauran jama'a kuwa tsiro suka dogara da shi. A jiƙa dawa ko gero, ko shanshera a nan ƙasar fadama, a shimfiɗa a rufe ana yayyafa ruwa har ta fito da tsiro, a shanya, a daka. Ƙwayar hatsi idan za ta tsira tana fitar da wani sinadari mai narkar da garin cikinta ya koma sukari, don jaririn tsiron ya samu abinci. Idan aka dama gasara da tafasasshen ruwa, ta ɗan huce, aka zuba garin tsiro, wannan sinadarin ne ke tsinka kaurin ya mayar da shi zaƙi kafin gari ya waye. Masu sa ɗanyen dankalin Hausa ma aikin da yake musu ke nan.

Yanzu ku dubi yadda mai burkutu take nata aikin a inda ake yin sa. Ta jiƙa dawa, ta bar ta ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa. Har zuwa nan hanyarsu ɗaya da mai kunu. Bambancin shi ne ita tana ajiye ruwan zaƙin nan kamar kwana biyu a tukunyar da ta saba, har ƙwayoyin yis su cinye sukarin su mayar da shi barasa da iska. Yis ɗin nan ba sai an sayo ba: yana jikin hatsi, yana jikin tukunya, yana cikin iskar da muke shaƙa. Kumfar nan da iskar da ke kumbura gora, alamar ya fara aikinsa ne. Kun gane inda na dosa?

Giya ba baƙuwa ba ce a tarihin Hausa, ko da ba ma son jin hakan. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya lissafa manyan mutanen Barbushe a gindin Dala kowa da aikinsa: akwai maƙeri, akwai mai magani, akwai kuma Bugazau, shi ne mai dafa giya. Wato sana'a ce mai matsayi a wancan zamani. Harshenmu ma ya riƙe shaida: giya, fito, burkutu, buza, bammi. Har yau in mutum ya samu kujera ya manta da mutane cewa muke yi giyar mulki ta ɗebe shi.

Musulunci ya daɗe a fadojin Hausa da Barno kafin jihadi, amma tsofaffin al'adu ba su tafi rana ɗaya ba. A Kitabul Farƙi, cikin abubuwan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi sarakunan zamaninsa da su har da ci da shan abin da suka ga dama, halal ne ko haram. A nan yankinmu, kafin 1804, ƙananan masarautu ne irin su Auyo, Garun Gabas, Gatarwa, Kazura da Haɗeja, suna bin Barno ta hannun Galadima da ke Nguru. Umaru da ɗan'uwansa Sambo suka karɓo tuta, Sambo ya haɗe ƙasar ya zauna a Haɗeja. Daga nan shari'a ta zama dokar fada da kasuwa.

Duk da haka tukunyar ba ta fashe ko'ina ba. A 1826 Baturen nan Clapperton, a tafiyarsa ta biyu, ya sauka a Kulfo ta ƙasar Nufe gidan wata bazawara mai suna Ladi, ya rubuta cewa tana sayar da buza da bammi, kuma gidanta ba ya rabo da masu saye. Maguzawan karkarar Kano da Katsina da Zazzau kuwa sun ci gaba da dafa giyarsu don biki da gayya da tsafi. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da su a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya tarar da abin yana nan.

Sai Turawa suka zo da tasu dokar. A taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai suka amince a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Da Lugga ya kafa mulki a Arewa a 1900 ya bi wannan layi, ya hana sayar wa 'yan ƙasa barasar da ake shigowa da ita ta Kudu, shi da jami'ansa kuwa suna shan tasu. Haɗeja ba ta shiga hannunsu da sauƙi ba, sai da aka yi yaƙin 25 ga Afrilun 1906 inda Sarki Muhammadu ya yi shahada. Amma abin da bindiga ta fara, jirgin ƙasa ne ya ƙarasa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya zarce Nguru a 1930 ta Malam Madori. Gyaɗa na tafiya Kudu, kayan kanti na tahowa Arewa, a cikinsu har da kwalba.

Kwalba ta canza komai. An fara yin giyar Star a Legas a 1949, kamfaninta ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. Coca-Cola ta fara fita daga injin Legas a 1953. Gwamnatin Sardauna ta kawo dokar Final Kod wadda ta fara aiki a 1960, sashe na 403 ya mayar da shan barasa laifi ga Musulmi. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, kamfanonin giya da na lemon malt suka koma sayen dawar Arewa suna yin tsiro da ita, wato fasahar kakanninmu mata ce aka sa wa inji. Bayan Zamfara ta buɗe ƙofa a 1999, Jigawa ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, Hisba ta shiga kamen kwalabe.

Ku lura da duk dokokin nan: ta Brussels, ta Lugga, ta Sardauna, ta 2000. Kowacce kwalba take kallo da gidan giya. Ba wadda ta taɓa shiga madafin gidan Musulmi ta duba randar kunu, kuma ba a buƙaci hakan ba. Me ya tsare kunun zaki ya zauna kunu tsawon ɗaruruwan shekaru, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40? Ilimin mata ne, wanda uwa ke miƙa wa 'ya ba tare da littafi ba. Ana dama daidai na yini. A tace da safe, a sayar, a sha, kafin dare ya ƙare. Wanda ya rage a ba almajirai tun yana da kyau, wanda ya juya a zuba wa dabbobi. Ƙwarya da randa a buɗe suke, hanci na ji, ido na ganin kumfa, harshe na ɗanɗanawa. A wanke mazubi a kife a rana. Mai kunun da ta sayar da kwantai, unguwa ce za ta hukunta ta kafin alƙali.

Wannan ilimin kuma yana da gindi a zaure. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Wato an yanka wa jiƙo wa'adi. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda duk ɗalibin zaure a Haɗeja ya sani, an kawo hani ga yin jiƙo a cikin duma da mazubin da aka shafe da kwalta. Malamai sun bayyana dalili: irin waɗannan mazuban suna gaggauta juyawar abin sha, mai shi bai ankara ba. Hukunci na malamai ne, ni tarihi nake bi. Amma dubi ikon Allah: sunan da muka ba robar nan shi ne gora, sunan ɗan duman da makiyayi ke ratayawa. Mazubi mai ƙaramin baki, a toshe, ba ka ganin abin da ke gudana a ciki.

Yau ga yadda abin yake. Yarinya ta kalli bidiyon minti uku, ta ga kofi nawa na gero, cokali nawa na citta da kanumfari. Bidiyon bai ce mata komai ba game da lokaci, don mai yin sa tana da wutar da ba ta ɗaukewa. Ta ƙara sukari mai yawa, wanda shi ne abincin yis. Ta ɗura a gora ta murɗe murfi. Wuta ta ɗauke, ƙanƙara ta narke kafin azahar, rabin kaya bai fita ba. Jarin dubu biyar ne, wa zai zubar? Sai a mayar cikin kula a kai gobe. Mu da ke sayen kunu a bakin ofis mun san ɗanɗanon na jiya, yana cizon harshe.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ban ce kunun da ya kwana ya zama burkutu ba. Tsamin farko na ƙwayoyin da ke tsamar da nono ne, kuma barasar da ke samuwa a farkon juyawa kaɗan ce ƙwarai. Abin da nake cewa shi ne gorar da ta kumbura ta hau hanyar, kuma mai sayarwa na da haƙƙin ta sani, mai saye ma haka.

Haɗarin da ya fi kusa ma na lafiya ne. Gorunan nan tsinto su ake yi daga wuraren biki da tasha da bola, a sayar a buhu. Wa ya sha a ciki, me aka zuba a ciki kafin ta iso hannunki? Mu mutanen bakin kogi mun san abin da ambaliya ke yi wa rijiyoyi, mun gani a 2020 da 2022. A annobar amai da gudawa ta 2021 Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki a Najeriya. A shekarar nan dai, wajen watan Maris, aka yi ta kai mutane asibitocin Kano suna fitsarin jini bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Gwamnatin jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 10, wasu kimanin 400 suka kwanta. Masu haɗa lemon ba mugaye ba ne, gari suka saya a kasuwa ba su san mene ne ba.

Abin takaici, Jigawa ce kan gaba a noman zoɓo a ƙasar nan. Daga Maigatari ake lodinsa har Mekziko, can su tsaftace shi su sha lafiya, mu masu gonar muna sha a gorar bola.

To ga 'yar'uwa mai shirin farawa, ga abin da tarihin nan ke ce miki. Dama abin da za ki iya sayarwa yau, gara kaya su ƙare ana nema da su kwana. Tafasa ruwan da za ki yi aiki da shi, har wanda za ki tsinka kunun. In da hali sayi sabuwar gora ki ɗora kuɗin a kan farashi; in babu, wanke da sabulu da ruwan zafi, ki bari ta bushe sarai, murfi ma haka. Kada ki ɗura da ɗumi. Kunun aya ya fi kowanne saurin lalacewa, in ba sanyi ba ya kai yamma. Don tsami ga tsamiya ga lemon tsami, garin da ba shi da suna da lambar NAFDAC ki bar shi a kasuwa. Gorar da ta yi tauri ko ta yi fus, zubarwa ake yi. Sannan ki nemi tsohuwar da ta yi shekara talatin tana kunu a unguwarku ki zauna kusa da ita kwana uku. Abin da za ta nuna miki babu shi a waya.

Mu ma'aikata kuma da namu. Da can duba-gari har cikin gida yake shiga ya leƙa randa. Yau sassan lafiya na ƙananan hukumominmu, daga Haɗeja zuwa Auyo, Kirikasamma, Guri da Kafin Hausa, za su iya tara masu sana'ar nan kafin azumi a koya musu na yini ɗaya. Kame da ƙwace kula ba zai yi magani ba, ɓoyewa kawai za a koma yi, kuma a ɓoye ne kaya ke kwana.

Iyayenmu mata da ke nan, ku faɗa mana a ƙasa yadda ake yin tsiro a gidajenku, da dawa ne ko da shanshera, kuma kwana nawa. A rubuta shi tun masu sanin suna raye.

Allah Ya sa albarka a neman halal, Ya kare mu daga abin da ido bai gani ba.