Waken Suya, Kurkum da Zogale a Binciken Sankarar Mama

Idan kuna noman waken suya, kurkum, zogale ko kabeji, to amfanin gonarku na cikin abubuwan da masu binciken sankarar mama suka daɗe suna nazari a kansu. Cutar kuwa ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano ta a jikin mata kusan miliyan 2.3, wasu 670,000 kuma suka rasu.

Waken suya na cikin waɗanda aka fi bincikawa a jikin mutane. Yana ɗauke da sinadaran isoflabon, masu kama da estrojin, sinadarin jikin mace da ke ciyar da wasu nau'o'in sankarar gaba. Shi ya sa a da ake tsoron kada waken ya ƙara rura cutar. A birnin Shanghai na ƙasar Sin an bibiyi mata fiye da 5,000 da suka yi fama da ita, aka fitar da sakamakon a 2009: waɗanda suka fi cin abincin waken suya, dawowar cutar da mace-mace sun yi ƙasa a cikinsu. Sai dai ku lura, bibiya aka yi, ba gwajin magani ba. Abin da za ku ɗauka shi ne awara da madarar waken suya abinci ne mai kyau, ba sai an hana mai jinya ba. Ƙwayoyin kanti da aka tattara sinadarin a ciki kuma, wannan wata magana ce daban, sai da izinin likita.

Kurkum yana da sinadarin kurkumin, wanda ke kashe ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaji. Matsalar, hanji ba ya tsotse shi sosai, ɗan abin da ya shiga kuma hanta ta yi maza ta sarrafa shi. Kabeji da danginsa suna da sulforafen, zogale ma yana da ɗan'uwan wannan sinadari, amma binciken zogale yawanci a kan ƙwayoyin gwaji da ɓeraye ya tsaya.

Ba wai tsiro ba ya ba da magani ba ne. Taxol, da ake yi wa masu sankarar mama ƙarin ruwa da shi, daga ɓawon wata bishiya ta Amurka aka fara samo shi. An ɗebo ɓawon a 1962, amma sai 1994 aka amince da maganin don wannan cuta, bayan tacewa da gwaji da auna adadi. Ba jiƙa ɓawon ake yi a sha ba.

Don haka in kuna sayar da garin zogale ko kurkum, ku sayar da shi a matsayin abinci, kar ku rubuta "maganin kansa" a jikin leda. Wata za ta iya gani ta fasa zuwa asibiti har ƙullin da ke mamanta ya bazu. Wadda kuma ta riga ta fara karɓar magani, ta faɗa wa likitanta duk wani jiƙo ko gari da take sha, domin wasunsu kan canja yadda maganin ke aiki a jiki.