Saƙa da Rini a Ƙasar Kano: Bunƙasarsu da Ja da Bayansu

A Hausa idan an ce wane mai hannu da shuni ne, ana nufin mai dukiya. Bayanin da aka fi yi wa wannan magana daga tufafi ya fito. Riga kore, wadda aka rina aka kuma buga da shuni har ta yi ƙyalli, tana zuba a jikin mai ita, ta bar masa alama a hannu da wuya, kuma a da ba kowa ke iya sayenta ba. Maganar tana nan a bakin mutane, amma sana'ar da ta haife ta ta ja baya ƙwarai. Tarihin wannan ja da baya ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya, domin sana'ar tufafi ba guda ɗaya ba ce. Sana'o'i ne da dama da suke riƙe da juna, kuma ba rana ɗaya suka faɗi ba.

Aikin daga gona yake farawa. In an ciro auduga, mata ne ke gurza ta a kan dutse da ɗan ƙarfe don a fitar da gurya, sa'an nan su shiɓe ta da baka ta yi laushi. Daga nan sai kaɗi. Mace takan shafa alli a yatsu, ta murza mazari, ta fitar da zare iri biyu: siriri mai ƙarfi wanda ake yin tsaye da shi, da abawa mai kauri wadda ake gitta wa. Masaƙi namiji yakan yi wadari, ya ɗaure ƙarshen zaren a jikin kunkuru, wato wani nauyi da ake ajiyewa can nesa a gabansa, wanda ke matsowa a hankali yayin da saƙa ke ci gaba. Yana taka allera da ƙafa, yana jefa ƙoshiya da hannu. Abin da ke fitowa ƙyalle ne dogo marar faɗi, sau da yawa bai wuce faɗin tafin hannu ba, sai an jera da yawa an ɗinke kafin a sami zane ko riga. Mata ma suna da tasu masaƙar, ta tsaye, a cikin gida, wadda ke ba da zane mai faɗi amma gajere. Bayan saƙa sai rini, bayan rini sai bugu, sa'an nan ɗinki.

Ɗalibin harshe zai lura da yadda sunayen ke fitowa daga aikatau: saƙa ta ba da masaƙi da masaƙa, rina ta ba da marini da marina, buga ta ba da mabugi da mabuga. Na farko mai aikin ne, na biyu wurin aikin.

Sana'ar daɗaɗɗiya ce. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ambaci yawan masaƙa a ƙasar Gobir a littafin da ya rubuta a farkon ƙarni na 16. Marinan Ƙofar Mata a Kano kuma suna cewa an kafa marinarsu a 1498, a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Amma babbar bunƙasa a ƙarni na 19 ta zo, bayan jihadin da aka fara a 1804. Daular Sakkwato ta haɗa ƙasashe masu yawa ƙarƙashin mulki ɗaya, kasuwa ta faɗaɗa. Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya tsakanin Katsina da sarakunanta na da, waɗanda suka koma Maraɗi, sun sa fatake da yawa suka bar Katsina suka tare a Kano. Masu sana'a daga Barno da Nufe da wasu wurare su ma suka shigo, wasu da son ransu, wasu a kame. Wannan na biyun bai kamata a tsallake shi ba: bayi ne suka noma kaso mai yawa na auduga da baba a rinjojin sarakuna da attajirai, kuma arahar tufafin Kano tana da alaƙa da wannan.

Akwai kuma wani canji na fasaha wanda masanin tarihi Philip Shea ya jawo hankali a kansa a binciken da ya kammala a 1975. A da a manyan tukwane ake rini. Daga baya marina suka koma haƙa rami mai zurfi suna shafe cikinsa da laso, wani irin siminti na gargajiya da ake yi da katsi, wato gurɓin da ke kwantawa a ƙasan karofi, a ƙona shi, a haɗa da gashin dabba da ruwan dafara. Karofin laso ya fi tukunya girma da ƙarko, yana cin tufafi da yawa a lokaci guda, saboda haka kuɗin rini ya sauko. Abin sha'awa shi ne, dattin tsohon karofi shi ne kayan ginin sabo.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851 bayan ya biyo ta Agadas da Tasawa da Katsina. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai aƙalla wuri miliyan 300. Domin a gane girman wannan adadi, shi da kansa ya ce wuri 50,000 zuwa 60,000 sun ishi gida guda ci da sutura na shekara. Ya ce Tambutu kaɗai tana karɓar kayan raƙuma kamar 300 a shekara, kuma tufafin suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus a arewa, da Barno a gabas, da Adamawa a kudu maso gabas. A cikin birnin ya ce akwai karofi fiye da 2,000, kowanne ana biyan masa haraji na wuri 700. Waɗannan ƙiyasin baƙo ne da ya yi makonni kaɗan a garin, amma sun nuna inda arzikin yake. Barth ya kuma lura cewa ba a tara mutane a manyan gidajen aiki irin na Turai ba, kowa a gidansa yake yi tare da iyalinsa. Yawancin aikin ma ba a birni ake yin sa ba, a garuruwan karkara ne, musamman Kura da ke kudu da Kano.

Kura ta shahara da turkuɗi, wanda ake kira ɗan Kura. Ƙyallayensa sirara ne ainun, wasu ba su kai faɗin yatsu biyu ba. Ana ɗinke su da yawa, a rina sau da dama har su yi baƙi, sa'an nan a kai mabuga a zuba garin shuni a buga da manyan sanduna a kan gungume har ƙyallen ya riƙa walƙiya. Manyan masu sayensa Abzinawa ne, waɗanda ke naɗa shi a matsayin rawani da amawali, matansu kuma suna yafawa. Ayarin Abzin yakan sauko da gishirin Bilma da dabino bayan damina, ya koma da hatsi da tufafi, yana bi ta Damargu da Damagaram. Ke nan tun kafin a shata iyaka tsakanin Nijar da Nijeriya, masaƙi yana kudu, mai naɗawa yana arewa.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi kuma suka ci Kano a 1903. Mutane da yawa suna ɗauka cewa daga nan saƙa ta mutu. Ba haka aka yi ba. A 1902 masu masaƙun Lankasha a Ingila sun kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, wadda aka fi sani da BCGA, domin su rage dogaro da audugar Amurka. Sun ɗora babban buri a kan Arewacin Nijeriya, kuma wannan buri yana cikin dalilan da suka sa aka ja hanyar jirgin ƙasa har Kano, inda ta iso a 1911. Lissafinsu shi ne manomi zai sayar musu da auduga, a kai ta Ingila a saƙa, a dawo masa da yadi ya saya. Sai dai farashin da suka sa, wajen kwabo ɗaya a kan kowace laba, bai kai abin da masu sayen auduga na gida ke biya ba. Makaɗa da masaƙan Kano suka ci gaba da kwashe audugar. Da jirgi ya fara jigila a 1912, abin da ya cika taragu gyaɗa ce, domin ita ce ta fi wa manomi riba, kuma in kasuwa ta faɗi yana iya cin abarsa. Daga baya gwamnati ta raba irin audugar Amurka mai suna Allen, ta kuma ƙayyade kasuwannin da za a sayar da ita, aka sami audugar fitarwa daga ƙasashen Zazzau da Katsina. Duk da haka masaƙan hannu sun ci gaba da aiki har ƙarshen mulkin mallaka, kuma a lokacin yaƙin duniya na biyu, da yadin waje ya yi wuya, kasuwarsu ta sake buɗewa.

Wadda ta fara faɗuwa ita ce sana'ar da ba a cika ambata ba, wato kaɗi. Kaɗi yana cin lokaci fiye da saƙa, sai mata da yawa sun yi kaɗi kafin masaƙi ɗaya ya wadatu da zare. Saboda haka da zaren inji ya yi araha, masaƙi da kansa ne ya fara sayensa, tun da ya fi santsi kuma ba ya yawan tsinkewa. Masaƙi ya sami sauƙi, mace ta rasa ciniki. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin kaɗi shi ne sana'ar da matar kulle ke yi ba tare da ta fita ba, da shi take tara kayan ɗakin ƴarta. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, zai ga yadda kaɗi ke cikin rayuwar mata ta yau da kullum. Mata suka koma ga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da abincin sayarwa da ɗinkin hula. A birnin Zariya, daga shekarun 1970, har ɗinkin babbar riga suka shiga, wanda a da aikin maza ne.

Sai masaƙun zamani suka zo gida. An buɗe Kaduna Textiles a 1957 da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila, wasu masaƙun suka biyo baya a Kaduna da Kano, Nijar ma ta kafa tata a Yamai, wadda aka sani da SONITEXTIL. Akoko da atamfa suka maye gurbin fari da zanen saƙi a jikin talaka. Amma su ma masaƙun ba su daɗe suna cin kasuwa ba. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi tsayawa, yadin Asiya kuma, musamman na Sin, ya cika kasuwa. Kaso mai yawa na wannan yadi ta tashar Kwatano yake shigowa, ya hau zuwa Nijar, ya tsallaka iyaka ta wajen Maraɗi da Birnin Ƙonni, ya sauka a Kantin Kwari. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles kuma, wadda ta fi kowace girma, ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007. Dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Hanyar da a da take kai tufafin Kano arewa, ita ce ta koma kawo na waje kudu.

Marina sun fi masaƙa iya jurewa, saboda marini bai damu da wanda ya saƙa ƙyallen ba. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, kuma sannu a hankali rinin zamani ya shigo. Da shi ba a bukatar rami, ko jiran kwanaki kafin baba da toka su nuna. Ganga da ruwan zafi da sinadari sun isa, kuma ana samun kowane launi. Rinin shadda ya zama babbar sana'a a Kano, mabuga ma suka sami aiki a kanta. Wanda ya yi asara shi ne karofi. A Ƙofar Mata ramuka sun haura 100, amma kaɗan ne ke aiki, kuma yawancin cinikinsu na baƙi ne masu yawon buɗe ido, waɗanda suka ragu sosai bayan hare-haren da aka kai Kano a watan Janairu na 2012.

Saƙar hannu ta tsira ne a inda mai saye ba araha yake nema ba. Gwado da luru suna da masu so lokacin sanyi, saƙi da tsamiya suna fitowa a rigunan sarakuna ranar hawan salla, amarya kuma a wasu gidaje har yanzu ana lulluɓe ta da zanen saƙi. Mafi ƙarfin misali shi ne Kura. Inji yana iya fitar da baƙin yadi mai faɗi a kuɗi kaɗan, kuma Ba'abzine yana naɗa irinsa a ranakun aiki. Amma ranar biki ko salla, alasho na gaske ake nema, mai ɗinkin sirarran ƙyallaye, mai zuba a fuska, domin zubar ita ce shaidar tsadarsa. Wannan kasuwa ta sha wuya a farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, lokacin da dabbobin makiyaya suka ƙare, ta kuma sake shan wuya da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Har yanzu ana rina ɗan Kura ana buga shi ana kai shi Agadas, sai dai zaren da ake saƙa shi da shi galibi na inji ne.