Adam Henein

Adam Henein (1929–2020) mai sassaƙa ne kuma mai zane, ɗan ƙasar Masar, haifaffen Alƙahira. Ya kammala karatun zane-zane a 1953, daga baya ya daɗe zaune a Paris.

Gumakan zamanin Fir'auna ne tushen salonsa. Yakan fitar da tsuntsu, kyanwa ko jaki daga dutse ko tagulla, siffar sumul ba tarkacen ado, sai miƙaƙƙun layuka da ɗan lanƙwasa. Launukan zanensa kuwa da ƙaro yake dama su.

Shi ya jagoranci gyaran babban gunkin Giza mai kan mutum da jikin zaki. Ya kafa taron masu sassaƙa na Aswan a 1996. An buɗe gidan adana ayyukansa a Harraniyya a 2014.