Dahuwar giya a ƙasar Tasawa: tarihin da takardun mulki suka tsallake

1. Gabatarwa

Wannan takarda tana duban dahuwar giyar hatsi a wajen Azna na ƙasar Tasawa da Mayahi. Abin da muke son nunawa shi ne, sana'a ce mai ilimi wadda mata suka riƙe, kuma rubutattun takardu ba su adana ta ba.

2. Matakan dahuwa

Ana jiƙa dawa ko gero a rufe har ya tsira, a shanya tsiron, a niƙa. Sai a dama garin da ruwa, a bar shi ya kwanta. A nan gwanintar take: ana tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa mai kaurin da ke ƙasa shi kaɗai, sa'an nan a haɗe su. Dalili kuwa, sitacin dawa ba ya narkewa sai da zafi mai tsanani, wannan zafi kuma yana kashe sinadaran tsiro masu mai da sitaci sukari. Sha'ir ɗin da Turawa ke amfani da shi ba ya da wannan matsala. Bayan an tace, sai dahuwa ta biyu ta sa'o'i da dama, wadda ke tsai da tsami, ta kuma ƙara zaƙi. Idan ya huce, a zuba ƙwayar tashi da aka rage daga dahuwar baya.

3. Matsayinta a tarihi

Bayan faɗuwar Katsina a hannun masu jihadi a 1807, sarautar Haɓe ta ƙaura arewa, ta kafu a Maraɗi da Tasawa. Sarakunan Musulmi ne, amma sun zauna da Azna, waɗanda giya ke cikin tsafinsu da bukukuwansu da gayyar noma. Binciken Guy Nicolas (1975) ya bayyana wannan zaman tare a kwarin Maraɗi.

Yarjejeniyar Burusal ta 1890 da ta Saint-Germain ta 1919 sun shafi barasa mai ƙarfi ne. Saboda haka ma'aikatan mulkin mallaka sun ƙidaya kwalaben da ake shigowa da su, ba su ƙidaya tukwanen ƙauye ba.

A ƙarni na 20 sana'ar ta ja baya. Yaɗuwar Musulunci a karkara shi ne babban dalili, amma ba shi kaɗai ba. Dahuwa biyu na cin itace mai yawa, tana kuma bukatar rarar hatsi a rumbu. Farin 1973-1974 da na 1984-1985 sun taɓa duka biyun.

4. Kammalawa

Mai nazarin wannan tarihi ba zai dogara da ma'ajiyar takardu kaɗai ba. Shaidar tana bakin tsofaffin mata da suka ga aikin ko suka yi shi, kuma da yawansu ba sa son a danganta su da shi yanzu. Wajibi ne ɗalibai su tattara ta da hanzari, tare da sakaya sunaye.