Atisayen 'yan wasa: tsayayyen jadawali ko mai sassauci, wanne ya dace da yaranmu?

Duk mai horar da matasa ƙwallo ko dambe, a Agege yake ko Sabon Ibadan ko Lokpanta, hanya biyu ce a gabansa: ya kafa jadawalin da ba ya motsi, ko ya riƙa duba jikin yaro kafin ya ɗora masa aiki. Ni a Idu nake, nan Abuja, ina kula da wata 'yar ƙungiyar ƙwallo ta unguwa. Mahaifina fataucin shanu yake, kuma yawancin yarana 'yan lodi ne da 'yan dako.

Tsayayyen jadawali

Shi ne a tsara wata uku ko huɗu kafin gasa. Makonnin farko gudu mai tsawo don numfashi, sai aikin ƙarfi, sai sauri, sannan a rage nauyi mako ɗaya ko biyu kafin ranar wasa. Wani masanin Tarayyar Sobiyat, Matveyev, shi ya fito da tsarin a rubuce a shekarun 1960. Amfaninsa kowa ya san ranarsa, koci kuma yana iya auna ci gaba. Amma an yi shi ne don wanda wasa ne sana'arsa, mai cin abinci da barci a kan lokaci, irin 'yan Kano Pillars ko Enyimba.

Mai sassauci

A nan aikin ranar yana bin yadda ɗan wasa ya tashi. Gunnar Borg, ɗan ƙasar Suwidin, ya ƙirƙiro ma'aunin gajiya daga 6 zuwa 20, daga baya ya fitar da mai sauƙi daga 0 zuwa 10. Ba ya bukatar na'ura, tambaya ce kawai. Kafin mu fara nakan ce wa yaro, “Yau gajiyarka nawa cikin goma?” In ya ce bakwai ko takwas, to ranar sai sassarfa da miƙe jiki. Illarsa ɗaya: malalaci zai fake da shi, kullum ka ji “wallahi koci na gaji”.

Yadda za ka zaɓa

Fara duba aikin yaro. Wanda ya kwana sauke tirelar shanu a kara, ko ya wuni a kwata, ya riga ya yi atisayen ƙarfi. In ka sa shi tseren sauri don jadawali ya ce yau Talata, tsagewar tsoka ko targaɗe kake nema masa. In ya kwanta mako uku, ba wasa kaɗai ya rasa ba, har kuɗin cefanen gidansu.

Sai yawan wasa. Da can bayan kaka ake dambe, ɗan dambe na da lokacin shiri. Yanzu a gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei duk mako ana fafatawa. Mai shiga fili haka ba zai iya bin shirin wata uku ba, sassauci ya fi masa.

Sai lokaci. Azumi na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka jadawalin bara ba zai yi bana ba. Zafin Maris da Afrilu a Abuja, da ruwan Yuni da Yuli a Legas, su ma suna rusa tsari.

Abin da nake bi

Ranaku tsayayyu, nauyi mai sassauci. Litinin, Laraba da Asabar bayan la'asar ba fashi, kowa sai ya zo. Yawan aikin ne ke hawa da sauka. Tsakanin atisaye mai tsanani da na gaba ina barin awa 48, saboda a lokacin hutu tsoka ke ginuwa. Ina rubuta lambar kowa a littafi. Wanda ya ce takwas sau uku a jere, sai mu zauna in ji ko aiki ne, ko rashin barci, ko zazzaɓi. Jiki magayi ne, amma sai kocin da ya tambaya yake ji.